An ce in rubuta cewa ba wanda ya taɓa faɗowa a wurin aikina

Assalamu alaikum, Malam. Ni ƙaramin ɗan kwangila ne a Kano. Shekarata tara ina gina wa mutane gidaje da shaguna, kuma ban taɓa riƙe wata takarda ba bayan ta rajistar kamfani da littafin da nake rubuta kuɗin siminti da na leburori. Bana Allah ya buɗa mini, wani babban kamfani da ke gina ɗakunan kwanan ɗalibai a wata makarantar gwamnatin tarayya ya yanka mini jera bulo da filasta, bene hawa uku. Ina da mutum ashirin da biyar, yawancinsu 'yan yini ne.

Mako uku da suka wuce katakon sikafol, wato abin da ake takawa a yi aikin sama, ya karye da wani yaro lebura, ya faɗo daga hawa na biyu, ƙafarsa ta dama ta karye a ƙauri. Ranar Lahadi ce, mutanen kamfanin ba sa nan. Muka kai shi wurin mai ɗori, na biya, na ba mahaifinsa abin da ya samu. Ya ce ƙaddara ce, ya yafe.

Yanzu jami'in kiyaye haɗari na kamfanin ya ce ba za a sa hannu a biyana na biyu ba sai na kawo fayil: tsarin kiyaye lafiyar ma'aikata, takardar nazarin haɗari, rajistar leburori, shaidar raba kayan kariya, littafin haɗari da satifiket ɗin NSITF, hukumar da ke riƙe da asusun diyyar ma'aikata. Ya ba ni mako biyu. Wani mai shagon kwamfuta ya ce zai haɗa mini duka cikin kwana biyu, har da satifiket ɗin, ya sa kwanan wata na baya. Foman ɗina kawuna ne, ƙanin mahaifiyata, shi ya koya mini riƙe cokalin gini. Ya ce a rubuta ba a taɓa samun haɗari ba, a sa mahaifin yaron ya dangwala yatsa a takardar yafewa, magana ta mutu. Ya ce shekararsa arba'in yana gini ba hular kwano, ga shi nan da ransa. Mai siminti na bina, mai bulo na bina. Barci ya gagare ni. Yaya zan yi?

Ɗan kwangila, daga Kano

Wa alaikumus salam wa rahmatullah.

Ƙanena, ajiye maganar fayil tukuna, mu fara da ƙafar yaron nan. Mako uku ke nan, kuma ban ji ka ce an ɗauki hoton ƙashin ba. Ba na raina masu ɗori, da yawanmu an ɗora mu a gida mun tashi da ƙafafunmu, amma mai ɗori da hannu yake lalube, ba ya ganin abin da ke ciki. Wanda ya faɗo daga hawa na biyu ba ɗaya yake da wanda ya gurɗe a filin ƙwallo ba. Ƙashi na iya tarwatsewa gida uku ko huɗu, ƙugu ko gadon baya na iya tsagewa ba a lura ba saboda zafin ƙafar ya danne komai. In kuma aka matse karan ɗori fiye da kima, jini ya daina kaiwa ga yatsu, nama ya mutu, a ƙarshe a yanke ƙafar da tun farko gyara kawai take nema. Kana Kano, Asibitin Ƙashi na Dala yana kusa da kai, wurin da mutane ke tasowa daga wasu jihohi su zo. Gobe da sassafe ka je gidansu da ƙafarka, ka zauna da mahaifinsa, ka ce masa kai za ka biya, ku ɗauki yaron ku tafi. In ka tarar yatsun sun yi sanyi ko sun sauya launi, ko wurin yana wari, ko yana zazzaɓi, to ba a kwana da wannan. A makonnin nan ne ƙashi ke fara haɗewa, in ya haɗe a karkace sai an koma ga tiyata. Lebura ba shi da jarin da ya wuce gaɓoɓinsa, da ƙafar nan zai yi aure ya ciyar da iyali.

Katin asibiti, hoton ƙashi, rasit ɗin magani, ka adana kowanne. Su ne takardun farko da za su shiga fayil ɗinka.

Sai tambayarka. Kada ka taka shagon kwamfutar nan, kuma kada ka rubuta cewa ba a yi haɗari ba.

Mutum ashirin da biyar suka ga faɗuwar ko suka ji ƙararta. Kowannensu na da waya, kowannensu na zama teburin mai shayi da leburorin babban kamfanin. Mai abincin da ke zuwa bakin ƙofa ta sani, maigadi ya sani. Wa ya ce maka jami'in da ya ba ka mako biyu bai riga ya ji ba, yana jira ne ya ga abin da za ka rubuta? Ramin ƙarya ƙurarre ne. A yau laifinka sakaci ne da jinkirin kai rahoto, kuma irin wannan ana gyara shi da magana da biyan abin da ya hau kanka. Ranar da ka miƙa satifiket na jabu ka shiga wani aji daban, ajin da ake kai wa gaban alƙali, kuma waya ɗaya zuwa ofishin NSITF ta isa a gane. Tunda aikin gwamnatin tarayya ne, ka san cewa dokar ba da kwangila ta 2007, wadda ta kafa hukumar BPP mai sa ido kan kwangilolin gwamnati, ta lissafa amfani da takardun jabu cikin laifuffuka. Kamfanin da aka kama ana hana shi kwangilar gwamnati aƙalla shekara 5, a ci shi tarar kashi 25 cikin 100 na kuɗin aikin, daraktocinsa kuma suna fuskantar ɗaurin shekara 3 zuwa 5. Mai shagon kwamfuta zai karɓi kuɗinsa ya rufe shago ya tafi gida, sunansa ba ya jikin ko takarda ɗaya. Naka ne a sama, da sa hannunka a ƙasa.

Amma ko da na tabbata ba wanda zai taɓa ganewa, shawarata ba za ta sauya ba, saboda katakon da ya karye yana da 'yan'uwa. Ina katakon ya fito? Nawa ne irinsa ke shimfiɗe a saman sikafol yau, mutane na tsaye a kai da kwanon sarki cike da kwaɓi? Takardar da ta ce ba abin da ya faru tana nufin ba abin da za a gyara. Kun wuce hawa na biyu, za ku hau na uku, kuma wanda ya faɗo daga can ba gidan mai ɗori ake kai shi ba.

Bari in yi maka bayanin NSITF ɗin nan, don na lura 'yan kwangila da yawa suna ɗaukarta wani haraji ne aka ƙirƙiro don a takura musu. Tun watan Disamba na 2010 Nijeriya ke da dokar biyan diyya ga ma'aikata, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1987. Ta kafa asusu a hannun NSITF, mai ɗaukar ma'aikata na zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar abin da yake biyan mutanensa a wata. In kana fitar da naira miliyan 3 a wata kuɗin magina da leburori, naira 30,000 ke nan, kuɗin 'yan buhunan siminti. Daga aljihunka za ta fito, doka ta hana a cire ta daga ladan ma'aikaci. Abin da mutane ba su sani ba shi ne dokar ba ta tsaya kan mai albashin wata ba, ta haɗa da ɗan yini, da na wucin gadi, da yaron da ke koyon sana'a. Har raunin da mutum ya ji a hanyarsa daga gida zuwa wurin aiki ta shigar da shi. In ma'aikaci ya rasu a bakin aiki ya bar mata da 'ya'ya biyu ko fiye, dokar ta tanadi a riƙa biyansu kashi 90 cikin 100 na abin da yake samu a wata. Ka auna wannan da abin da muka saba: a zo gaisuwa da buhun shinkafa da ambulan, bayan sadakar arba'in ba mai sake leƙa gidan.

Dokar ta sa lokuta. Ma'aikaci ko iyalinsa su sanar da ubangidan aiki cikin kwana 14. Ubangidan aiki ya kai rahoto ga NSITF cikin kwana 7, in mutuwa ce nan take. Neman diyya kuma a shigar da shi cikin shekara ɗaya. Kai ka wuce kwana bakwai, kuma ba ka da rajista. Abin da ya wuce ya wuce, amma shekara ɗayar yaron tana nan, kuma rahotonka ne zai riƙe masa ƙofar a buɗe. Ka je ofishinsu na Kano da takardar rajistar kamfaninka da jerin mutanenka da abin da kake biyansu, ka yi rajista, ka faɗa musu abin da ya faru da ainihin ranar da ya faru. Ka shirya wa biyan bashin baya. Kada ka jira su kafin ka yi wa yaron magani, kuɗin asibiti naka ne yanzu, haka abin da zai ci har ya miƙe. In satifiket bai fito cikin mako biyun ba, shaidar rajista da rasit ɗin biya su za ka kai wa jami'in.

Takardar yafewar da Kawu ya kawo shawara ba ta da amfani ko a gaban doka, domin dokar ta ce duk yarjejeniyar da ma'aikaci ya sarayar da haƙƙinsa na diyya a cikinta ɓatacciya ce. Yaron na da damar ya bi ta NSITF ko ya zaɓi kotu, kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa na da reshe a Kano. Ranar da aka ajiye takardar nan a gaban alƙali, kai za ta yi wa shaida a kai, don za ta nuna ka san da haɗarin ka nemi binne shi. Sannan ka tambayi zuciyarka me ya sa dattijon ya ce ya yafe. Talaka ne, ka zo har gida, ka riƙe masa kuɗi, kunya ba za ta bar shi ya ce komai ba, wataƙila ma yana fata in ɗan ya warke ka mayar da shi aiki. Ka karɓi yafewarsa da godiya, alheri ce ya yi maka. Kada ka mayar da kunyar talaka garkuwa. Ƙafar ma ba tasa ba ce, ta ɗansa ce.

Jami'in kamfanin kuwa, kada ka jira wa'adi ya cika. Bayan ka dawo daga Dala ka rubuta wasiƙa shafi ɗaya: ranar kaza, da ƙarfe kaza, wane ya faɗo daga wuri kaza saboda katako ya karye, ga inda aka kai shi, ga inda yake yanzu, ga abin da na gyara. Ka yi kwafi biyu, a buga maka hatimi a ɗaya ka riƙe. Ba zan ruɗe ka ba, zai iya yin faɗa, za a iya tsayar da aikinka na wasu kwanaki, biyanka na iya ƙara jinkiri. Amma ka fahimci abin da ya sa suka matsa. Dokar diyyar ta ɗora wa wanda ya ba da aiki da ɗan kwangilar da ya karɓa alhakin kuɗin asusun tare, in kai ba ka biya ba su za a bi. Ga kuma inshora: tun dokar inshora ta 2003 aka wajabta wa mai gina benen da ya wuce hawa biyu ya yi inshorar ma'aikata da jama'ar da ginin zai iya cutarwa, kuma sabuwar dokar da aka sa wa hannu a watan Agusta na 2025 ba ta sauke wajibcin inshorar gini ba. Kamfanin inshora ba ya son jin labarin haɗari bayan wata shida daga bakin lauya. Ɗan kwangilar da ya zo da kansa ya faɗa, ya zo da rasit ɗin asibiti da shaidar gyara, shi ne wanda za su iya ci gaba da aiki da shi.

A zaman nan ka roƙi abu biyu. Na farko kwafin tsarin kiyaye lafiya na wurin aikin gaba ɗaya. Kundin ƙa'idojin gini na ƙasa na 2006 ya sa wannan tsari cikin takardun da magini mai rajista ke shiryawa, wato wanda hukumar magina ta CORBON ta yi wa rajista, don haka babban kamfanin na da nasa, naka ɗan reshe ne a jikinsa. Ba a neme ka da littafi mai shafi tamanin ba. Na biyu, fom-fom ɗin da su suke amfani da su, don kada ka wahala ka kawo abin da za su ce ba haka suke so ba. Yawancin jami'an nan suna jin daɗin a tambaye su, don sun gaji da karɓar fayilolin da aka kwafo. Na taɓa buɗe fayil ɗin wani ginin ajujuwa a nan Arewa na tarar ana bayanin rigar ninƙaya da yadda ake sauka daga jirgi mai saukar ungulu a kan teku. Daga takardun wani kamfanin mai aka kwafo shi, ko karantawa ba a yi ba. Abin ya ba ni takaici ƙwarai, don a wurin nan akwai ramin sokawe mai zurfi a buɗe, yara na wucewa ta gefensa, kuma ba layi ɗaya a fayil ɗin da ya ambace shi.

Takardar nazarin haɗari suna ne mai nauyi a kan abu mai sauƙi. Ka sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta, ka zaga wurin aikin daga ƙasa har sama da biro a hannu, a kowane lungu ka tsaya ka tambayi kanka: me zai iya cutar da mutum a nan, wa zai cutar, me za mu yi kafin ya faru, wa zai yi shi? A aikinku na bulo da filasta amsa ta farko faɗowa ce. Katakon da aka ɓamɓaro daga dakin, wato rufin kankare, ruwan siminti ya ci shi, ƙusa ta huda shi ko'ina, rana ta busar da shi, shi ake mayarwa abin takawa don a rage kuɗi, kuma ina kyautata zaton irinsa ne ya karye. Gefen bene da ba shinge. Ramin matattakala da aka rufe da fallen kwano ko tsohon fale-falen katako, wanda ya fi a bar shi a buɗe haɗari, don mutum na taka shi da gaba gaɗi. Tsanin da ba a ɗaure kansa ba. Bulon da ake tarawa da yawa a kan katako ɗaya. Bayan faɗowar mutum sai faɗowar kaya a kan na ƙasa: bulo, guduma, bokiti. Sai wuta: wayar janareta da aka haɗa aka naɗe da leda tana kwance cikin ruwan kwaɓi, da manyan wayoyin wuta da ke ratsawa kusa da gini, waɗanda rodi ko ƙarfen sikafol ba sai ya taɓa su ba, kusantarsu ma na iya kashewa. Siminti jiƙaƙƙe yana ƙona fata a hankali, mutum ba ya ji sai dare, ka dubi tafin ƙafar masu kwaɓi ka gani. Ƙurar yankan bulo da tayil tana taruwa a huhu shekara da shekaru. Ga zafin Kano na Maris zuwa Mayu da ke haura digiri 40, jiri na ɗibar mutum a sama, balle in ya haɗu da azumi. Maganin wannan ma rubuta shi ake yi: a fara aiki da an idar da asuba, aikin sama ya tsaya kafin rana ta take, a tanadi inuwa da ruwa.

Gaban kowanne ka rubuta abin da za ku yi da sunan mai yi. Shafi ɗaya na jera bulo, shafi ɗaya na filasta. Ka rubuta da Hausa tukuna, yadda za ka iya karanta wa mutanenka su gane, daga baya a juya shi Turanci saboda ofis. In za ka biya wani ya taimaka, ka nemi wanda ya yi horon kiyaye haɗari na gaske, akwai masu rajista da cibiyar ƙwararrun kiyaye haɗari ta ISPON, kuma sharaɗin shi ne ya zo ya hau benen da ƙafarsa. Wanda ya ce zai rubuta daga shago ka bar shi.

Takardar duba sikafol ita ce wadda zan fi so ka riƙe da hannu biyu. Ƙa'idar da manyan wuraren aiki ke bi ita ce a duba kafin a fara hawa, a sake dubawa duk kwana bakwai, da bayan iska ko ruwa mai ƙarfi, da duk lokacin da aka kwance aka sake ɗaurawa. Mai dubawa ya taka kowane katako, ya girgiza kowace ƙafa, ya ga tana kan ƙasa mai ƙarfi ba kan bulo da aka jingina ba, ya ga an ɗaure sikafol ɗin da jikin ginin, akwai shinge daidai ƙugu. Tsani ya zarce inda ake sauka da kamar mita ɗaya, gindinsa ya ja baya mita ɗaya a duk mita huɗu na tsayi. Sannan ya rubuta rana ya sa hannu. Sa hannun ne ke sa mutum ya duba da gaske, don ba mai son sunansa ya kwana a ƙarƙashin katakon da zai karye.

Rajistar leburori kuma suna, shekaru, gari, lambar wani ɗan'uwa, sa hannu ko dangwale safe da yamma. Kana iya ganin wahala ce da 'yan yinin da ke zuwa yau gobe ba su. To ka tuna benen nan mai hawa 21 da ya rushe a Ikoyi ta Legas ranar 1 ga Nuwamba 2021, fiye da mutum 40 suka rasu. An yi kwanaki ana tono, iyalai na tsaye da hotunan 'yan'uwansu, ana ta saɓani kan adadin waɗanda ke ciki. Ku ma a Kano kun ga na titin Beirut a watan Agusta na 2022, bene ne da ake kan ginawa. In abu ya faru, littafin nan ne ke faɗin mutum nawa ake nema da wanda za a kira. Yana kuma tilasta maka tambayar shekaru, domin dokar ƙwadago ta hana ɗaukar wanda bai kai 15 ba a aikin gini, kuma mun san yadda ƙananan yara ke shigowa ɗaukar kwanon sarki in aiki ya matse.

Kayan kariya ka saya, ka raba, kowa ya sa hannu ya karɓa: hular kwano, takalmi mai tauri, safar hannu, abin rufe hanci ga masu yanka. Sai dai kada ka shiga sahun masu ganin hula ita ce kiyaye haɗari gaba ɗaya. Ko hula goma yaron nan ya sa, ƙafarsa sai ta karye. Katako mai kyau da shinge suna gaba da hula. Akwatin taimakon gaggawa, sunan asibitin da za a nufa, motar da za a ɗauka, lambar gaggawa ta 112, a manna su inda kowa zai gani. Kowace safiya minti goma a tsaye kafin a ɗauki shebur, a faɗi aikin yau da haɗarinsa, a rubuta waɗanda suka halarta. Aikin Lahadi ba mai kula kuma a daina shi.

Kowace takarda ta ɗauki kwanan watan ranar da aka rubuta ta. Fayil ɗinka zai nuna cewa ka fara ne a wannan makon, ka bar shi ya nuna haka. Mu da aya mafi tsawo a Alƙur'aninmu take umartar mu da rubuta bashi da kafa shaidu, bai kamata rubuta amanar rayukan mutane ya zame mana baƙon abu ba, kuma shaidar zur ba ta zama halal don an buga ta da kwamfuta.

Saura Kawu, kuma na san a nan ne abin ya fi yi maka nauyi. Kada ka yi masa gardama a gaban leburori, kada ka karanta masa doka. Mutumin da ya koya maka riƙe cokali ba zai karɓi darasi daga bakinka a bainar jama'a ba, kuma yana da gaskiyarsa. Ka same shi a gida bayan isha'i, ka gaishe shi yadda ka saba, ka ce ka zo neman shawara. Ka tambaye shi, a shekara arba'in ɗin nan, su wa ya gani sun faɗo? Ka yi shiru ka saurara. Zai kira maka sunaye, wane da ya gurgunce, wane da aka kai gida a mota ba rai, don duk tsohon magini na ɗauke da irin waɗannan a ransa ko bai faɗa ba. Shi ya tsira, su ba su tsira ba, kuma ba don ya fi su iya taka katako ba ne. In ya ce ƙaddara, ka ce haka ne Kawu, kuma wanda ya koya mana imani da ƙaddara, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali.

Sannan ka ba shi girman da ya dace da shi. Ba wanda ya kai shi sanin katakon da ya mutu, da ƙwanƙwasawa kawai zai gane. Ka ce kana so shi ne zai riƙa duba sikafol, ba mai hawa sai ya ce a hau, shi zai sa hannu, ko da ajami ne. Ka roƙe shi ya sa hular don yara su gani, domin in shi bai sa ba ba wanda zai sa. Ina sa ran zai karɓa. In ya ƙi, ya kafe sai an rubuta ƙarya, ka sa mahaifiyarka a maganar, ita ta san yadda za ta yi da ƙaninta. In duk da haka bai sauko ba, ka mayar da shi kula da kaya da awo a ƙasa, ladansa bai ragu ba, ka ɗora wani a aikin sama. Zai ji zafi, kai ma za ka ji. Amma sunanka ne a rajistar kamfani, kai iyayen yaran nan suka ba amana, kuma zumunci ba ya ɗauke maka wannan.

Mai siminti da mai bulo ka je musu kafin su zo maka. Ka faɗa musu biya zai yi jinkiri da dalilinsa, ka rage musu da abin da ke hannunka, ka sa rana. Shekara tara kuna hulɗa, sun ga jinkirin da ya fi wannan. Nan gaba in za ka yanka farashin aiki, ka sa kuɗin katako sabo ko hayar sikafol na ƙarfe, da kayan kariya, da kashi ɗayan NSITF a cikin lissafi tun farko, don wanda bai sa su a farashi ba daga jikin leburori yake cire su.

Littafin haɗari shi ya rage. Ka buɗe shafin farko ka rubuta ainihin ranar Lahadin, da lokacin, da sunan yaron da shekarunsa, da aikin da yake yi, da tsayin da ya faɗo, da sunayen mutum biyu da suka gani, da cewa an fara kai shi wurin mai ɗori, da ranar da aka kai shi Dala. A ƙasa ka sa kwanan watan da kake rubutun, ka sa hannu. In guntayen katakon suna nan ba a yi makamashi da su ba, ka ɗauke su ka ajiye, ka ɗauki hotonsu, jami'in zai so ya gani, mutanenka ma ya kamata su riƙe su a hannu a taron safiya na farko.

Allah ya ba yaron lafiya, ya warware maka. Ka rubuto mini abin da likita ya ce game da ƙafar.